Neman kalma: me za mu kira wurin da haraji ke kama kamfanin baƙo?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu hidimar harshe. Kwana uku ke nan ina rubuta bayani da Hausa kan harajin da ke hawa kan kamfani idan ya buɗe reshe a wata ƙasa, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Turawan Ingila na ce mata "permanent establishment". Ina neman taimakonku, amma bari in fara shimfiɗa abin da take nufi, don kada mu fassara harafi mu bar ma'ana.

Kamfani yana da ƙasar da aka yi masa rajista, can yake biyan harajinsa. Sai ya fara sayar da kaya ko yin aiki a wata ƙasa. Tambayar da hukumomin haraji ke yi ita ce, daga wane lokaci ne ƙasa ta biyun ke da haƙƙin taɓa ribarsa? Yarjejeniyoyin hana biyan haraji sau biyu sun ba da amsa ɗaya: ba ta da haƙƙi sai idan kamfanin yana da wannan abu a cikinta. Idan yana da shi, za ta karɓi haraji kan ribar da ta fito daga gare shi, sauran ribar kamfanin galibi ba ruwanta. Wannan yana sashe na 5 da na 7 na samfurin yarjejeniyar OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, wanda daftarinsa ya fito a 1963, da kuma samfurin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1980. Ma'anar da suka bayar ita ce tsayayyen wuri wanda kamfani ke gudanar da harkarsa ta cikinsa, duka ko wani ɓangare. Suka lissafa ofis, reshe, masana'anta, wurin shugabanci, ramin haƙar ma'adinai, rijiyar mai ko ta gas.

To, ga fili. Ga kuma ra'ayina kan shawarwarin da wasunku suka riga suka kawo.

Malam, na ga amsarka, ka ce mu rubuta "reshe" mu huta. Da farko ni ma haka na rubuta. Matsalar ita ce reshe ɗaya ne kawai daga cikin jerin. Kamfani zai iya rantsuwa bai taɓa buɗe reshe a ƙasa ba, babu allo, babu rajista, amma haraji ya kama shi. Idan yana da mutum a can wanda ya saba ƙulla kwangila da sunansa, mutumin nan ya wadatar, ko da a ɗakin otal yake kwana. Tun gyaran da aka yi wa samfurin OECD a 2017 ma an faɗaɗa abin: ko wakilin bai sa hannu ba, in dai shi ne ke kai ciniki gaɓar ƙarshe, hedikwata kuma ta buga hatimi kawai ba tare da wani canji na a zo a gani ba, hukuncin ɗaya ne. Duk wanda ya karanta "reshe" a rubutuna zai ɗauka cewa muddin bai buɗe reshe ba ya tsira, kuma ni ne na ɓatar da shi. Mu bar wa reshe aikinsa.

Hajiya, taki shawarar ita ce "mazaunin dindindin", kuma na san ita ce mafi yawan masu fassara za su ɗauka, domin ta bi Turancin sau da ƙafa. A nan nake so in daɗe, saboda kalmomin biyu duk suna da illa.

Mu fara da "mazauni". A harkar haraji akwai wata kalma da ta riga ta kama ta: mazaunin ƙasa, wato mutum ko kamfanin da ƙasa ke ɗauka nata ne, wanda a mafi yawan ƙasashe ake bin ribarsa duk inda ya samo ta a duniya. Abin da muke nema wa suna kishiyar wannan ne. Kamfanin ba mazauni ba ne, baƙo ne, amma ya ajiye wani abu a ƙasar da za a kama shi da shi. Idan muka kira su duka "mazauni", ranar da jimla ɗaya ta haɗa su mai karatu zai rasa gane gaba da baya.

Sai "dindindin". A kunnen Bahaushe dindindin abu ne da ba ya ƙarewa. Dokar ba ta nufin haka ko kusa. Wurin aikin gini yana shiga ciki idan ya wuce wata 12 a samfurin OECD, a na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa wata 6 kawai, domin shi ya fi karkata ga ƙasashe masu tasowa inda ake zuwa a yi aikin. A wannan samfurin na biyu, kamfanin da ya tura ma'aikatansa su ba da shawara ko su yi wani aiki na fiye da kwana 183 cikin wata 12 shi ma ya shiga. Babban misali kuma yana Indiya. A 2017 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci cewa filin tseren motoci na Buddh, kusa da Delhi, ya zama irin wannan wuri ga kamfanin Formula One na Ingila, alhali tseren kwana uku ne a shekara. Abin da kotun ta duba shi ne filin yana ƙarƙashin ikon kamfanin a lokacin da yake harkarsa. Yaya za a ce wa kwana uku dindindin? Ɗan kwangilar da zai yi aikin wata takwas ya koma gida, idan ya ga "dindindin" zai ce ba da shi ake ba.

Ba kowane harshe ne ma ya bi Turanci ba. Asalin kalmar Jamusanci ce, Betriebsstätte, wato wurin gudanar da sana'a, kuma tana cikin yarjejeniyar 1899 tsakanin daulolin Turai biyu na wancan lokaci, Furushiya da Ostiriya-Hangari. Babu dawwama a cikinta. Faransanci ya ce "établissement stable", tsayayye ke nan, kuma da shi 'yan'uwanmu masu karatun Faransanci suka saba. Larabci ne ya ce "al-munsha'a ad-da'ima", ya bi sawun Ingilishi. Tunda Faransawa sun zaɓi abin da ya dace da kunnensu, mu ma muna da wannan damar.

"Sansani" na soja ne da 'yan gudun hijira, "zango" da "masauki" kuma na wucewa ne, sun yi sako-sako da yawa. Na gode wa waɗanda suka kawo su.

Ranka ya daɗe, "gindin zama" da ka kawo ta burge ni ƙwarai, har na kwana ina juya ta. "Kamfanin ya samu gindin zama a Faransa." Hausa ce tsantsa, kowa zai gane. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne tana ɗauke da ƙarfi da karɓuwa. Wanda ya samu gindin zama ya kafu, an yarda da shi, yana jin daɗi. Amma ɗaki ɗaya da ma'aikaci ɗaya, ana ta tafka asara, shi ma dokar ta ƙirga shi. Sannan ba a ƙirga gindin zama, ba za ka ce kamfani yana da gindin zama biyu a ƙasa ɗaya ba, alhali a lissafin haraji ana buƙatar a faɗi irin haka. Zan riƙe ta don yin bayani, ba don suna ba.

Ga tawa, ku auna ta: turken kasuwanci.

Turke ana kafa shi a wuri ɗaya, ba ya yawo, amma ba wanda ya ce har abada ne, ana tuge shi idan an tashi. Abin da aka ɗaure a jikinsa yana iya zagayawa iyakar tsawon igiya, duk mai nemansa kuma ya san inda zai same shi. Haka hukumar haraji ke yi da kamfanin baƙo: ba ta iya bin sa har hedikwatarsa, sai ta zo wurin turken. Kalmar ta zo da aikatau nata a shirye. Kamfani ya kafa turke, kamfani ya tuge turkensa, ribar turke, asarar turke. Tana kuma haihuwa: turken gini, turken wakili, turken aiki. Ku gwada ta a sashe na 7: "Ribar kamfanin wata ƙasa ba a karɓar harajinta sai a ƙasarsa, sai fa idan yana da turken kasuwanci a ɗaya ƙasar." Ni dai ban ji ta yi tuntuɓe ba.

Tana aiki a wajen kore ma. Rumbun da ake ajiye kaya ko baje su kawai, da ofishin da aikinsa sayo kaya ko tattara bayanai, idan ayyukan share fage ne ko na taimako, ba turke ba ne. Shafin intanet shi kaɗai ba turke ba ne a bayanin OECD, amma kwamfutar da ke ɗauke da shafin, idan tana hannun kamfanin a tsayayyen wuri, tana iya zama.

Ƙanwata mai aikin akanta, kin ce kalmar ta dabbobi ce, kamfani ba akuya ba ne. Gaskiya ne daga can ta fito, amma "reshe" ma daga itace muka ɗauko shi, ba wanda yake tuna ganye idan an ce reshen banki. Tambayarki ta biyu ta fi nauyi, wato bambancin turke da kamfanin da uwar kamfani ta haifa a waje. Shi wannan ɗan kamfanin mutum ne mai zaman kansa a idon doka, mazaunin ƙasar da aka yi masa rajista, yana biyan harajinsa da sunansa, kuma mallakarsa kaɗai ba ta mai da shi turken uwarsa. Reshe kuwa jikin uwar ne, bashinsa nata ne. Ana dai lissafa ribarsa kamar kamfani ne daban mai ciniki da hedikwata bisa farashin kasuwa, ƙasar uwar kuma ko ta yafe harajin wannan ribar ko ta cire abin da aka biya a waje daga nata. Wasu ƙasashen suna ƙara wani haraji kan ribar reshe don kada ya fi ɗan kamfani sauƙi. Amurka ta kafa nata a 1986, kashi 30 cikin 100, sai inda yarjejeniya ta rage shi.

Malam, ka taɓo wani wuri da ban lura da shi ba, jam'i. Jam'in turke "turaka" ne, kuma a rubuce, inda ba ma sa alamar karin sauti, zai yi kama da turakar maigida. Na duba rubutun nawa daga farko zuwa ƙarshe, ban samu inda jam'in ya zama dole ba. Da adadi tilo muke amfani, turke biyu, turke uku, in kuma ana magana a dunƙule sai a ce "kowane turke".

Wasu sun fi son "turken haraji". Na tsaya kan "kasuwanci" saboda kamfani don ciniki ya kafa shi, harajin biyo baya ya yi, kuma wani lokacin turken yana nan amma babu ribar da za a karɓi komai a kanta. A rubutuna zan sa "turken kasuwanci" a ambaton farko tare da jimla ɗaya ta bayani, daga nan in ci gaba da "turke" kawai. Ƙanwata, ki karanta wa abokan aikinki jimlar sashe na 7 da ke sama ba tare da kin yi musu bayani ba, ki dawo mana da abin da suka fahimta.