Za a tantance 'yan wasan sallah a garinmu, in je ko in zauna kan kekena?

Tela Mai Keke: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ta garinmu, nan kudancin Katsina, za ta yi tantancewa ranar Asabar saboda wasan dandamali da za a nuna kashegarin ƙaramar sallah, daga baya kuma akwai na wayar da kai kan karatun 'ya'ya mata. Fom naira 3,000. Ni tela ne, kuma tun ina yaro nake son abin nan, ba a tashe a unguwarmu babu ni. Matsalar ita ce gwajin da dare za a riƙa yi, bayan asham, daidai lokacin da shaddojin mutane ke jibge a shagona. Tambayata biyu: kuɗin fom ɗin haka ake karɓa ko'ina? Kuma akwai mai sana'ar hannu da ya taɓa haɗa biyun bai kunyata ba?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Malam ka bar wasan ƙauye ka shigo Kano kawai. Ni 10,000 na biya a tantancewar wani fim. Sai dai ka yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai tukuna.

Ɗan Samaru: Dandamali ya tambaya, ba fim ba. Kuma abin da kake kira wasan ƙauye shi ya haifi Kannywood. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ce, Tumbin Giwa, ta fitar da fim ɗin bidiyo da ake ƙirga farkon masana'antar da shi a 1990.

Uwar Biyu: Ƙanena, ka saurare ni da kyau. Na yi wannan harkar kafin in yi aure, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Sai da kawuna ya sa baki sannan mahaifina ya bar ni, da sharaɗin yayana ya raka ni ya dawo da ni kullum. Aka tantance mu a ajin firamare, kowa ya fito gaban allo, darakta ya ce ki ɗauka an aiko miki ɗanki ya rasu. Na yi, har sakataren ƙungiya ya share hawaye da hularsa. Aka ba ni uwar gida, babban matsayi a wasan. Na haddace komai, ina tuƙa tuwo ina bita. Atamfar da zan fito da ita da kuɗin adashina na saya. Ana saura 'yan kwanaki, sai ga wanda ya ɗauki nauyin wasan ya zo kallon gwaji da 'yar ƙanwarsa. Washegari aka ce in miƙa mata takardata, ni in fito maƙwabciya mai zuwa aron taɓarya. Magana ɗaya tak. Ko haƙuri babu wanda ya ba ni. Kuɗin fom kuwa da na gudummawa sun tafi kenan. Abin da ya fi ci min rai, mahaifina ya zo kallo, ya zauna layin gaba.

Hajiyar Kasuwa: Allah sarki 'yar uwa, Allah ya saka miki. Haka suka yi wa ƙanin mijina a wasan rigakafin shan inna. Ƙungiyar da ta kawo aikin ta ba da kuɗin kowane ɗan wasa, su kuwa biredi da lemo suka gani.

Uwar Biyu: Amin Hajiya. Mu ma an ce akwai kuɗin mota, har yau shiru.

Baba Dandamali: Ɗana tela, mu a zamaninmu ba a sayar da fom. Ka zo, ka share fili, ka ɗauki benci, ka kalli manya, ranar da wani bai zo ba a ce shiga. Duk ƙungiyar da ta fara da karɓar kuɗi kafin ta ji muryarka, ka yi hattara da ita.

Malamin Firamare: Baba, a gafarce ni, zamani ya canza. Mu 1,000 muke karɓa, kuma a hoton takardu da man janareto take ƙarewa. 3,000 dai ta yi yawa ga ƙaramin gari.

Ɗan Birni: 3,000 ɗin ce ta yi yawa? Ko kuɗin mota zuwa Kano da dawowa ba ta kai ba.

Ɗan Samaru: A tsarin da muka koya a sashen wasan kwaikwayo na ABU Zariya, wasan wayar da kai da mutanen gari ake gina shi. A shiga unguwa a ji damuwarsu, a tsara labarin tare, a yi shi a fili su sa baki. Ba a ma cika bukatar rubutacciyar takarda ba, balle fom.

Baba Dandamali: Yaro, kafin a haife ka muke yin wannan a ƙofar fada, babu wanda ya ba mu satifiket. Sau nawa ka tsaya gaban jama'a lasifika ta mutu?

Ɗan Samaru: Baba ban raina ku ba wallahi. Amma shekaru daban, sanin tsari daban.

Uwar Biyu: Ku duka maza ne, ba a taɓa karɓe muku takarda an ba wata ba. Wanda abin ya ci shi ya kamata a saurara.

Sarkin Zolaya: Ni dai na hango ƙarshen zancen. Suna jin tela ne za su ce ya ci tantancewa, sannan su sauke masa rawanin sarki, rigunan dogarai da kayan boka, duk kyauta. Masu ɗinkin sallah kuma mu je idi da tsohon kaftani, mu iske telanmu a dandamali ya zama alƙali.

Badamagare: Mu nan Damagaram wasan yana da daraja tun zamanin samariya, wato ƙungiyoyin matasan Nijar, lokacin shugaba Seyni Kountché, kuma su Yazi Dogo sun ɗaga sunan garin da shi. Ƙungiyar da na shiga jika guda muke zubawa duk wata, ba kuɗin shiga. Damuwarmu wurin yin wasan ce.

Malamin Firamare: Ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Bara mun kama ɗakin taron garinmu, mun biya rabi, mun buga sanarwa, mai shela ya zaga kasuwa. Ranar wasa muka tarar an jera kujerun biki an ɗaura balan-balan. Wai wani babba ne ke aurar da 'ya.

Tela Mai Keke: Na gode ƙwarai. Amma batun haɗa gwajin dare da ɗinki fa? Gobe ake rufe sayar da fom.

Hajiyar Kasuwa: Malamin Firamare, ku biki ne ma. Namu ɗakin taron buhunan taki aka zuba a ciki tun damina, rufin yana yoyo, ba mai magana.

Baba Dandamali: To ku koma filin makaranta mana. Kanofi biyu da benci sun isa.

Malamin Firamare: Baba, filin ba katanga, wa zai sayi tikiti alhali yana iya kallo daga kan bishiya? Kanofi ɗaya kuma nawa ake ba da haya yanzu a wajenku? Mu nan cikin sallah ninkawa suke yi.