Ƙanƙara kyauta a Istanbul, gumi a Pantami

Hamma Sale (Istanbul)

Salamu alaikum mutanen gida. Na kwana biyu ban jefa baiti ba, karatu ne ya sha min kai, amma abin da ya faru yau kam dole in yi magana. Mun riga mun ninke rigunan sanyi mun tura ƙasan akwati saboda Maris ya shiga har bishiyoyi sun fara toho, kawai na tashi da asuba na leƙa taga na ga gari fari fat, motoci duk sun lulluɓe ba ka gane ta wane. Dattijuwar da nake haya a gidanta sai dariya take min, wai wannan shi suke kira sanyin tsohuwa, yakan dawo a tsakiyar Maris bayan kowa ya saki jiki, har suna da karin magana cewa Maris kan sa mutum leƙe ta bakin ƙofa, ya sa shi ƙona ƙotar diga da shebur don ya ji ɗumi. An ba da hutun makaranta, ni kuwa na fita yawo. Ga nawa, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah Sarki na fara,
Mai saukar da ruwa da ƙanƙara,
Jiya na kwanta sama tana garau,
Na ture bargo na ce sanyi ya sarara,
Asuba na leƙa, titi da rufin gidaje
Kamar an zazzage buhun garin masara.
Na sa takalmi na fito ba shiri,
Gemu da gemu na shige cikin yara,
Na dunƙula na jefa, suka taru suka rama,
Wani ɗan mitsitsi ya ci ni da nasara.
Na hau taragon da ke bin tsakiyar titi,
Masallacin Sultan Ahmad na nufa ban nemi shawara,
Hasumiya shida sun sha farin rawani
Kamar hakimai ranar hawan sallah sun jera.
Aya Sofiya na tsaye tana fuskantarsa,
Tun 537 ake wucewa ita tana saura,
A 2020 aka mayar da ita masallaci,
Na yi azahar ciki, yatsuna sun ƙandare kamar kara.

Adda Jummai (Pantami)

Lallai Sale, wato har da su hoto da hular sanyi. Mu nan rana ta kusa digiri 40, tun ƙarfe goma na safe ba mai iya taka ƙasa ba takalmi, ga azumi saura makonni uku. Karɓi naka.

Sale ƙanena ka ci amanar Pantami,
Kana birgima a ƙanƙara muna wanka da gumi,
An ɗauke wuta tun jiya fanka ta yi gum,
Ruwan randa ma ya koma mai ɗumi.
Abin da muke bin layi mu saya da kuɗinmu,
Mu naɗe a buhu don buɗa bakin azumi,
Shi ake zubo maka kyauta daga sama,
Kai kuma kana tattake shi da takalmi.
In kai ɗan halak ne ka ciko mana kula,
In jirgi ya ƙi ɗauka ka ɗoro a raƙumi,
Inna ta ce in tambaye ka tsakani da Allah,
Wasan ƙanƙara aka tura ka ko neman ilimi?

Ɗan Wunti (Bauchi)

Hhhh Adda kin gama da shi. Amma bari in sa baki, don ku Gombawa abu kaɗan sai ku cika gari da shela.

Ku Gombawa komai sai ya zama abin mamaki,
Tun 1996 da muka yaye ku kuke ta biki,
Wannan farin abu gobe zai narke ya zama caɓi,
Mu a Yankari muna da ruwan Wikki.
Rani da damina ɗuminsa bai canzawa,
Garau yake kana hango yashin ciki,
Ba safar hannu ba rigar da ta fi ka nauyi,
Ka faɗa tsundum ka ji daɗi a jiki.
Ka fito ka ci masa da miyar taushe,
Sai dai ka rufe ƙofa, gwaggon biri na shiga ɗaki.
Sale ka dawo Bauchin Yakubu ka huta,
Ka bar haƙoranka suna kaɗa ganga a baki.

Hamma Sale (Istanbul)

Adda ki ce wa Inna ilimin ma na samo, don na tambayi wani abokin karatuna me ya kawo wannan abu a lokacin da ba a zata ba, ya ce iska ce mai tsananin sanyi take gangarowa daga arewa ta wajen Rasha, in ta ratsa ta saman Bahar Aswad sai ta kwashi danshin ruwan tekun, tana isowa kan birnin sai ta juye shi a matsayin dusar ƙanƙara, shi ya sa za ka ga an yi kamar minti ashirin ana zubawa ko gabanka ba ka gani sai kuma rana ta fito kamar ba a yi ba, can kuma a sake. Shi kuma Ɗan Wunti, yayewa kuka yi ko mun gaji mun tashi? Yau na ƙetare ruwa, daga Eminonu zuwa Uskudar, tafiyar da ba ta fi minti ashirin ba amma ka bar nahiyar Turai ka shiga Asiya.

Ɗan Wunti bar cika baki da batun ruwa,
Wanda ya taso yana kallon dam ɗin Dadin Kowa,
Yau na hau jirgin ruwa a mashigin Bosforus,
Turai a bayana, Asiya na min gaisuwa.
Shayi ja a ɗan kofin gilashi mai ƙugu,
Na riƙe shi da hannu biyu kamar baiwa,
Na sayi simit, zoben biredi mai riɗi,
Tsuntsayen teku na cafewa a sama suna sowa.
A gadar Galata masu fatsa ba su fasa ba,
Ƙanƙara a kafaɗa, ko a jikinsu ba damuwa,
Na sha salep, kamar kunun gyaɗa mai kirfa,
Na tuna na Inna, sai na ji wata irin yunwa.
Amma fa gaskiya ɗaya zan faɗa muku,
A gangaren hasumiyar Galata na sha faɗuwa,
Santsi ya kwashe ni na zauna daɓas,
Ba wanda ya yi dariya sai wata kyanwa.

Kyanwar nan wlh kallon raini ta min, garin nan kyanwoyi sun fi wasu mutane gata, har ƙananan gidajen katako ake ajiye musu a bakin titi da abinci.

Baffa Usmanu (Kumo)

Sale ɗana, Allah ya yi albarka. Na karanta duka, sai dai baitinka na ƙarshe a waƙar farko ya yi tsawo, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya, a gyara. Mu ƙanƙarar da muka sani ita ce mai faɗowa kamar tsakuwa da farkon damina, ta yayyage ganyen masara ta huda kwanon rufi, ba mu taɓa yi mata waƙa ba sai salati. Ga tambayata.

Ɗana ka zaga lungu da saƙo na gari,
Ka ba mu labarin hasumiya da rawani fari,
Ka ci zoben riɗi ka sha kunun Turkawa,
Shin ka je gaida Abu Ayyubal Ansari?
Shi ne wanda taguwar Manzo ta durƙusa
A ƙofar gidansa, ya sauke baƙon alheri,
Da tsufansa ya bi runduna har bakin ganuwar nan,
A can ya cika, a can aka yi masa kabari.
In ka je ka yi sallama ka yi addu'a,
Ka sa da mu, na Kumo da na Jekadafari,
Ka roƙa mana damina mai albarka,
Ka kuma rufe ƙirjinka kar ka kwaso tari.

Hamma Sale (Istanbul)

Baffa Allah ya ƙara girma, na karɓi gyara, yatsun ne suka ƙandare har da baitin. Unguwar sunanta Eyup Sultan, tana can ƙarshen wani reshen teku da ya kutso cikin gari, na taɓa zuwa sau biyu amma saboda maganarka na koma yau da asuba, kuma ban yi zaton zan samu mutane ba a irin wannan sanyi sai na tarar masallaci ya cika har tsakar gida, tsofaffi da sanduna da mata da yara.

Baffa na je, na isar da saƙonka,
Na yi sallama na ambaci sunanka,
Tsohuwar bishiya a tsakar gida ta sha fari,
Tantabaru sun takure kamar almajiranka.
Wani dattijo ya ga baƙin mutum na rawar ɗari,
Ya cire mayafin wuyansa ya ce ɗaura abinka,
Ban iya Turkanci sosai ba bai iya Hausa ba,
Muka rabu da amin, irin dai addu'arka.

Maryama (Bolari)

Ni dai ban iya dogon baiti ba, kuma kasuwa ce a raina.

Hamma tunda ƙafarka ta iya yawo,
Ka leƙa Laleli ka ga abaya ka sayo,
Baƙa biyu da ruwan toka ɗaya,
Kuɗin sai bayan sallah, kar ka ce in turo.

Ɗan Wunti (Bauchi)

Kun gani ko, mutum na fama da santsi ana ɗora masa bashi. Sale ina labarin farin rawanin naka yau?

Hamma Sale (Istanbul)

Kai dai bakinka ya kama, Ɗan Wunti. Kwana uku ta yi ta huɗu rana ta fito da ƙarfi, yanzu ko'ina ɗiga yake, mutum-mutumin da yara suka gina a ƙofar gidanmu ya zube saura karas ɗin hancinsa a ƙasa. An ce wata mai zuwa furannin lale, wato tulip, za su buɗe a lambun Emirgan, zan je in Allah ya kai mu, duk da azuminmu a nan zai fi naku tsawo da wajen awa guda. Maryama abaya sai na ga alat.

Baƙuwar ta tafi ba ta yi sallama ba,
Rawanin hasumiya bai kai Juma'a ba,
Adda kular da kika ce in ciko miki,
Na buɗe na ga ruwa, ban ga ƙanƙara ba.

Adda Jummai (Pantami)

Ruwan ma turo shi haka, in dai da sanyinsa.

Ka riƙe furanninka ka riƙe awa gudanka,
Mu da ƙishirwar Gombe wa zai ji tausayinka,
Kai za ka yi azumi cikin rigar sanyi,
Mu kuwa...

Ku dakata an kawo wuta, bari in je in cika robobi in zuba a firji kafin su ɗauke, zan ƙarasa baitin anjima.