Waɗanda aka taɓa yi wa allurar 'yan China saboda damuwa da rashin barci, ku zo mu ji

Mai atamfa, Kejetia:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka yi da jikinsu nake nema, ba 'yan an ce an ce ba. Wata huɗu kenan barci ya ƙaurace min, ina kwanciya sai lissafin bashin kaya da kuɗin shago su hau kaina, ƙirjina na bugawa kamar ana kirɓa fufu, ƙarfe 3 na dare idona ya bushe har kiran asuba. An auna ni an ce jinina ya ɗan hau. Maƙwabciyata a layi ta ce in je a yi min akupancha, wato allurar 'yan China, wai tana sauke sinadarin damuwa a jiki. Ni ko tun ina yarinya ba na shiri da allura. Da gaske tana taɓa ƙwaƙwalwa ko ɓarnar sidi ce kawai?

Direban trotro, Aboabo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ciwon baya ya kai ni, shekara 19 ina kan sitiyari. Ki cire tsoro, allurar ba irin ta asibiti ba ce, siririya ce kamar gashi, shigarta ba zafi sosai amma in mutumin ya ɗan murza sai ki ji wani nauyi da tsami yana bin ƙafa, ya ce min wannan nauyin shi ake nema ma. Guda goma sha wani abu ya soka min ya rage fitila ya fita, wlh ban san sanda na yi barci ba, munsharina ne ya tashe ni, kunya kamar in nutse. Sau shida na je. Bayan nawa ya yi sauƙi amma bai warke ba, in na yi doguwar tafiya yana dawowa. Abin da ya fi ba ni mamaki, duk ranar da na yi sai in kwana biyu ban yi wa yaron motata tsawa ba, har shi da kansa yake tambayata maigida yaushe za ka koma.

Nas, Tafo:
Mama sannu, Allah ya ba da lafiya. Bari in ɗan fayyace abin da maƙwabciyarki take nufi. In hankali ya tashi, wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas yana aika saƙo ga fituwitari, ɗan ƙullutu ne kamar ƙwayar wake, shi kuma ya saki sinadarin ACTH cikin jini, ya tafi har kan ƙoda inda adirinal suke zaune kamar hula, su kuma su saki kotizol, shi ne sinadarin damuwar da take faɗa. Kotizol ba abokin gaba ba ne fa, shi ke ƙara suga a jini don ki samu ƙarfi, da safe jim kaɗan bayan tashi yake kai ƙololuwa, wajen tsakar dare ya sauka ƙasa. Kuma in ya yi yawa shi da kansa yake komawa ya ce wa ƙwaƙwalwa ya isa haka. Matsalar ita ce in damuwa ta ƙi ƙarewa wata da watanni, wannan birkin sai ya fara saki, ga rashin barci ga hawan jini. Ni na yi akupancha lokacin da aikin dare ya hargitsa min barci, sau huɗu, na kan fito jikina a sake kamar an sauke min kaya, amma gsky ban auna kotizol ɗina ba kafin ko bayan, don haka ba zan ce miki ya sauka ba. Abu ɗaya dai nake roƙo, in an ba ki maganin hawan jini kar ki ajiye shi saboda allura.

Ɗan Tech:
Anti nas ta gama magana, ƙari kawai zan yi. Ni ciwon kai na lokacin jarrabawa ya sa na gwada, daga nan na bi abin da karatu. A 1976 wani masani a Kanada, Bruce Pomeranz, ya nuna cewa in aka ba ɓera nalokson, maganin da ke toshe aikin su mofin masu kashe zafi, sai rage zafin da allurar ke yi ya ɓace, ma'ana jiki ne ke sakin nasa maganin zafin wato endofin. Zancen kotizol kuma, a jami'ar Georgetown ta Amurka a 2013 sun dinga saka ɓeraye cikin sanyi don su takura, waɗanda aka yi wa allura mai ɗan lantarki a wani gurbi da ake kira Zusanli, kamar yatsu huɗu ƙasa da gwiwa, sinadaran damuwarsu ba su hau kamar na sauran ba. A mutane kuma an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa ana cikin yi, aka ga amigdala, sashen tsoro da firgici, ta lafa. Amma a lura, mafi ƙarfin hujjar nan a kan ɓera take, shi kuma ɓera ba ya da bashin atamfa.

Tica, Asawase:
Yawwa, gara da ka faɗa da bakinka. Ni na yi sau takwas saboda wuya da kafaɗa, ban ga komai ba sai aljihu da ya yi sauƙi. Ku duba gwajin da Jamusawa suka yi kan masu ciwon baya sama da 1,100, aka fitar a 2007. Waɗanda aka yi wa allurar gaske kusan kashi 48 cikin ɗari sun samu sauƙi, waɗanda aka soka wa sama sama a inda ba gurbi ba kashi 44, masu magani da motsa jiki na asibiti kashi 27. To ina amfanin taswirar gurabun nan in ko ina ka soka kusan ɗaya ne? Malam direba, kai da ka shekara 19 cikin hon da hayaƙi, aka kwantar da kai minti 30 a ɗaki mai sanyi ba waya ba fasinja, ko tsinken sakace aka ɗora maka ai sai ka yi munshari.

Direban trotro, Aboabo:
Tica to ai a lissafin naka ma masu allura sun fi masu ƙwaya. Ni ko tsinken ne a ci gaba da ɗora min.

Ɗan gidan wanzamai, Alabar:
Ni dariya abin yake ba ni, gidanmu ƙaho muka gada kaka da kakanni, kuma abin da kuke faɗa shi muke gani, mutum ya zo a murtuke a kafa masa ƙaho ya tashi yana hamma. Na je an yi min ta Chinan don in ga sana'ar wasu, su ma ashe suna da nasu ƙahon na kofi. Bambancin dai su ba sa fidda jini da allurar. Baba na cewa rabin aikin hannu ne da magana mai daɗi, in wanzami ya ɗaure fuska ko ƙaho goma ya kafa ba a jin daɗin jiki.

Maman 'yan biyu, Sabon Zongo:
'Yar uwa ni tawa ba daɗi. Ranar Litinin na je ina azumin nafila, ban faɗa ba mai allurar ma bai tambaya ba, kuma a zaune ya yi min ba a kwance ba, allura ta uku sai na ji gumi mai sanyi, kunnena ya toshe, ɗakin ya yi duhu, na farka ana min fifita. Ashe yana faruwa in ciki ba komai ga tsoro. Ki ci abinci kafin ki je, ki ce a kwance kike so, kuma a ɓare sabuwar allura daga leda a gabanki don ciwon hanta ba wasa ba ne. Ki kuma nemi ganin lasisinsa na hukumar TMPC mai kula da masu maganin gargajiya a Ghana, don wasu jiya suna sayar da shayin rage tumbi yau sun zama dokta. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun kafin a fara.

Mai atamfa, Kejetia:
Na gode 'yan uwa, na dawo da labari. Jiya Alhamis na je bayan na cika cikina da waakye yadda Maman 'yan biyu ta ce. Guda tara aka saka, biyu a ƙasan gwiwa, ɗaya tsakanin gira, ita ce ta fi ba ni tsoro amma ko jin ta ban yi ba. Ban yi barci a wurin ba, sai dai hawaye da suka dinga zuba haka kawai ba kuka nake ba. Daren jiya na kai ƙarfe 4 da rabi ban farka ba. Ko allura ce ko ɗakin sanyin Tica ne oho. Maganin jinina ina sha Anti nas. Sai dai matar da ta yi min allurar ta ce in rage goro da ataya, wannan fa shi ne yaƙin.

Ɗan Tech:
Mama, matar tana da hujja. A 2010 an gano wurin da aka soka yana sakin wani sinadari, adenosin, yana cikin abin da ke rage zafin, shi kuma kafeyin na goro da ataya aikinsa kenan toshe adenosin, da haka ma yake korar barci. Goro nawa kike ci a rana?

Mai atamfa, Kejetia:
Ɗana kar ka tona min asiri a cikin mutane. Huɗu, in kasuwa ta yi tsit biyar.