Kumburin saifa bayan zazzaɓin cizon sauro: wa ya taɓa gani a ɗansa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. An sallamo mu daga asibiti bayan maleriya ta kwantar da 'yata mai shekara 2, amma likita ya ce saifarta ta kumbura. Ƙasan haƙarƙarinta na hagu akwai tauri. Kakarta ta dage sai wanzami ya yi mata tsaga. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa min yadda ta kaya.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Nawa yaron a daminar bara ne. Zazzaɓi ya kai shi har jijjiga, tafin hannunsa ya yi fari fat. An yi masa allurar maganin maleriya mai suna artesunate da ƙarin jini, aka biyo da ƙwayoyin maganin maleriya da ake kira ACT na kwana 3. Cikin bai saɓe nan take ba, sai da aka ɗauki makonni. Ba mu bari an sa masa aska ba.

Inna Hajara: 'Yata, kada ki yarda. Jikana aka yi wa, wurin ya yi ruwa, muka koma jinyar miki a kan jinyar zazzaɓi. Yaron da jininsa ya ƙare, ina dalilin ƙara zubar masa? Ki lallaɓa kakar ku je asibitin tare, ta ji da kunnenta.

Anti Nas: A ɗakin yara na asibiti nake aiki, kuma duk damina muna ganin wannan. Saifa ce ke tace jini, tana kama jajayen ƙwayoyin da cutar ta shiga. In aikin ya yi mata yawa sai ta kumbura, jinin yaro kuma ya ragu. Kada a danna, kada a yi tausa ko gashi, a kiyaye ta daga faɗuwa. Ba kasafai saifa ke fashewa ba, amma in kika ga ciwon ciki kwatsam, jiki ya yi sanyi ko ta galabaita, ko tsakar dare ne ku tafi. An yi mata gwajin sikila?

Maman 'Yan Biyu: Wannan tambayar ta Anti tana da muhimmanci. Mu a irin wannan kwanciyar aka gano Hassana sikila ce, aka koya min yadda zan riƙa duba cikinta. Yanzu ba ma kwana sai a gidan sauro, kuma maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana bai wa 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata da damina ba ya wuce mu.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Ba a yi gwajin ba, Anti. Zan nema in mun koma ganin likita.