Wai da gaske akwai masu zagayawa da mutane a ƙafa suna nuna tarihin Legas?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a garin nan. Ina jin ana cewa akwai masu tara mutane ran Asabar su bi da su layi-layi a cikin Ikko suna ba su labarin tsoffin gine-gine, wani lokacin ma har da lacca a zaure. Da gaske ne, kuma ina ake samunsu? Saboda yarana nake tambaya, duk a nan Agege aka haife su, Yarbanci a bakinsu tar, amma in ka cire boko da Islamiyya da kasuwa ba inda suka sani a garin. Babbar ce ta tsare ni da tambaya wai yaushe Hausawa suka fara zuwa Legas, kuma me ya kawo su. Ina so in kai su su gani da idonsu. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka mana da bayani.

Malamin Obalende:

Wa alaikumus salam. Akwai su ɗan uwa. Akwai wata ƙungiya Legacy 1995 masu fafutukar kare tsoffin gine-gine, su ke kula da Jaekel House, wani tsohon gida da aka mai da gidan tarihin jirgin ƙasa, a cikin kwatas ɗin reluwe na Ebute Metta, kuma sukan shirya irin wannan zagayen. Akwai kuma samari masu zaman kansu da ke tallata nasu a Instagram, ka biya su ja ku. Lacca kuwa ka riƙa bibiyar sanarwar Freedom Park da cibiyar John Randle da ke Onikan, da sashen tarihi na jami'ar Legas a Akoka.

Amma ni shawarata ko ba jagora za ka iya, don wuraren kusa suke da juna. Ku fara daga dandalin Tafawa Balewa, da can filin sukuwa ne, nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu daren 1 ga Oktoba 1960. Ku ɗan taka zuwa gidan tarihi na Onikan wanda aka buɗe 1957. Daga nan sai Broad Street ku shiga Freedom Park, tsohon kurkukun Turawa ne, Herbert Macaulay da Awolowo da Enahoro duk sun kwana a ciki, a 2010 aka mai da shi wurin shaƙatawa amma an bar tsohuwar katangar. Sai ku ratsa Campos, unguwar bayin da suka dawo daga Brazil, ku kalli tagogi da adon sumintin da ke jikin gidajen, ku biyo ta Kakawa ku ga Water House na Da Rocha, ku ɓullo dandalin Tinubu.

Inda nake so ka tsaya da yaran sosai shi ne masallacin Shitta-Bey a layin Martins. A 1894 aka buɗe shi, wani attajiri Muhammadu Shitta ya gina da kuɗinsa, maginin kuma cikin mutanen da suka dawo daga Brazil ne. Ranar buɗewa gwamna Carter ya zo, Sarkin Musulmin Turkiyya Abdulhamid na biyu ya turo wakili, wani lauya Bature daga Liverpool da ya musulunta, Abdullahi Quilliam, shi ya kawo wa Shitta sarautar Bey. Masallacin ƙarami ne, kasuwa ta cinye shi ta kowane gefe, in ba ka ɗaga kai ba za ka wuce shi, amma har yau ana salla a ciki. Ku daidaita tafiyar azahar ta same ku a can.

Tambayar 'yarka kuma, ka gaya mata mun riga jirgin ƙasa zuwa garin nan. Turawa sun yi wa Ikko ruwan wuta a 1851 lokacin rikicin Kosoko da Akitoye a kan sarautar garin, suka karɓe garin a 1861 hannun Sarki Dosunmu. A 1863 wani Bature Glover ya tara Hausawa, yawancinsu bayin da suka kuɓuta, ya kafa 'yar rundunar da ake ce wa Hausawan Glover, kuma daga wannan shekarar sojan Najeriya ke lissafin kafuwarsa, shi ya sa suka yi bikin shekara 160 a 2023. Unguwarmu Obalende ma asalinta mazaunin waɗannan sojojin ne da iyalansu, ba tsire kawai ke nan ba.

Maman Biyu:

Malam ya gama magana, Allah Ya ƙara sani. Ni dai abin da zan ƙara Yaya, in kun shiga Onikan ka ce a nuna muku motar Murtala. Baƙar Marsandi ce, tana wani ɗaki daban da hotunan shugabanni a jikin bango, ramukan harsashi na nan a jikinta tun ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 da su Dimka suka tare shi a gosulo yana hanyar barikin Dodan. Ɗana da bakinsa ba ya shiru yana ganinta ya yi tsit, ya riƙe min mayafi yana tambaya wai a ina yake zaune a ciki, me ya sa bai taho da sojoji ba. Wlh duk abin da aka koya masa a aji bai shige shi kamar wannan ba.

Sannan ku fita da sassafe don ranar Ikko da gumi ba wasa, kowa da ruwansa da takalmi mai taushi, waya a aljihun gaba in kun shiga Balogun da Idumota, yaran kuma a riƙe hannunsu gam don cinkoson wurin ya wuce misali. Tunda kuna Agege ku hau sabon jirgin nan na jan layi zuwa Oyingbo da katin Cowry, wato katin biyan kuɗin jirgi, ka dai duba jadawalinsu tukuna, daga can Jaekel House ba nisa, sai ku hau danfo zuwa tashar CMS a cikin Ikko. Ka riƙe 'yan canji na shiga, kuma kar ka ɗauki hoton mutum ko shagonsa ba ka tambaya ba, masu kasuwa ba sa so.

Abu Sumayya:

Ni tsorona ɗaya, gidajen tarihin nan cike suke da gumaka da kayan dodanni, ya za a yi da ƙananan yara?

Malamin Obalende:

Akwai su kam Malam, har da sassaƙen Nok na kudancin Kaduna da tagullar Benin. Ai kana tare da su, sai ka yi musu bayani cewa abin da mutanen da suka yi ne, kallo muka zo mu san yadda aka rayu. Alƙur'ani ma ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Gara su ji daga bakin ubansu.

Baba Mai Goro:

Yaro ne ya rubuta min wannan, ni nake faɗa. Ɗana, duk abin da suka gaya maka gaskiya ne, amma ni abin da ke ci min rai daban. Masu zagayen nan za su ba ka labarin Yarabawa da mutanen Saliyo da na Brazil tiryan-tiryan, kuma hakkinsu ne don sun rubuta nasu sun adana, amma ka tambaye su Zangon Agege ka ji, iyakarsu su ce akwai Hausawa a wajen. To laifin wa? Kana zaune a kan tarihin kana neman mota zuwa Ikko.

Goro ne ya kafa mu a nan. Da can fatake a ƙasa suke zuwa Gwanja da jakuna, tafiyar watanni. Da Turawa suka zo sai goron ya koma biyowa ta teku a sauke a Ikko, dogo ya isa Kano a 1911 sai aka koma loda shi a jirgi, daga baya manoman Agege da Ota da Shagamu suka dasa nasu, mutanenmu suka tare kusa da tasha. Kowane baƙo da maigidansa, shi zai sauke shi ya ciyar da shi ya haɗa shi da dillali ya tsaya masa in bashi ne, ba takarda ba sa hannu. Na taso na ga yadda ake ɗaura huhu, a shimfiɗa ganye a zuba goro a yayyafa ruwa a ɗaure tam da igiya, mai gwaninta yana taɓa huhu ya san ko zai kai Kano lafiya. Shanu kuma su gangaro daga arewa, ga mayankar Oko-Oba nan a gefenku. Waɗanda suka san wannan da ka suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka binne an binne da nasa. Ku da kuka yi boko ga waya a hannunku, ku je fadar Sarkin Hausawa ku nemi izini a haɗa ku da dattawa ku ɗauki muryarsu, a yi laccar da Hausa a makarantar Islamiyya mata ma su ji. Haka Idi-Araba, haka Mile 12, haka Alaba Rago.

Direban Seme:

Baba Allah Ya ƙara girma, magana ta yi. Ni kuma Badagry zan ce a saka a lissafi, hanyata ce kullum. Akwai bene na 1845 da mishan suka gina, akwai gidan Seriki Abass inda ake tsare bayi, ɗakunan ƙanana ne da 'yar taga can sama, za a miƙo maka sarƙar wuya ka ɗaga ka ji nauyinta, sannan a tsallaka da ku a kwalekwale zuwa Gberefu ku taka har bakin teku inda ake loda su. Kuma kar yaran su ɗauka labarin wasu ne, cikin waɗanda aka kwashe ta gaɓar nan zuwa Bahia ta ƙasar Brazil akwai Hausawa da yawa da yaƙe-yaƙen zamanin jihadi suka rutsa da su, har sun ƙulla tawaye a can a 1807, a 1835 kuma bayi Musulmi suka tashi cikin azumi, aka samu layu da rubutun Larabci a jikinsu, bayan nan ne aka koro da dama suka dawo gaɓar nan. Amma wannan tafiyar yini guda ce, kar ka haɗa ta da ta Ikko, kuma ku yi ciniki da mai kwalekwale kafin ku hau, ku ce sai da rigar ruwa.

Ɗan Agege:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba maganarka ta shige ni, gobe bayan la'asar in sha Allah zan samu limaminmu mu je fada tare, akwai wani tsoho a layinmu da ya yi aikin lodi a tasha tun yana saurayi, da shi za mu fara. Na Ikko kuma Asabar ta farkon wata nake so, Malam in kana da sarari ka ja mu don Allah, mu haɗu a ƙofar dandalin Tafawa Balewa ƙarfe takwas na safe. Duk mai son zuwa da iyalinsa ya rubuta a nan da yawan yaran, don in mun yi yawa gara mu ɗauki shatar bas ɗaya daga Agege.