Mene ne sunan abin da nake karantawa da Hausa?

'Yan'uwa, a taya ni. A takardata an rubuta "Early Childhood Education". Da gwaggona ta tambaye ni abin da nake karantawa, sai na yi ta kame-kame. Ta saurare ni tsaf, ta ce, "Au, ashe raino kika je koya a jami'a?" Jami'armu ƙarama ce, ajinmu bai cika mutum ashirin ba, amma ko a cikinmu kowa da sunan da yake faɗa a gida.

Raino dai na cire shi. Ba raina shi na yi ba, akwai shi a aikin, har da share majina da rarrashi. Amma a gwajin koyarwa an sa ni na zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, na juye ɗaya cikin siririn kofi mai tsawo, na tambayi ɗan shekara 4 wanne ya fi yawa. Ya nuna dogon, ko shakka babu. Gwajin Jean Piaget ke nan, masanin nan na tunanin yara, ɗan ƙasar Suwizalan. Gane abin da ya sa yaron ya ga haka, da sanin cewa tsawa ba za ta gyara ba, ya wuce raino.

Wata 'yar ajinmu ta ce "karatun nazare". Ya yi kaɗan. A ma'aunin UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, zangon "early childhood" daga haihuwa ne zuwa shekara 8, ya haɗa da jariri da ɗan aji biyu na firamare. "Rabin aji" kuwa haushi yake ba ni, kamar yaron da malamarsa duk rabi ne.

"Ilimin farkon ƙuruciya" fassara ce kalma da kalma. Ba ƙarya a ciki, sai dai ƙuruciya a bakinmu takan kai har samartaka, wani lokacin ma wauta ake nufi.

Sunan ajin kansa ya fi sauƙi. Friedrich Froebel ne ya raɗa "Kindergarten" a Jamus a 1840, ma'anarsa lambun yara, malami shi ne mai ban ruwa. Larabawa suka ce "raudatul aɗfal", Faransawa ma lambun suka ɗauka. Mu me zai hana? Lambun yara ya zauna a baki.

Kwas ɗin kuwa, malamarmu ce ta warware. Ta ce, "Ke da za ki fita malama, ina kika bar malanta?" Shi ke nan: malantar ƙananan yara. Ta nuna sana'ar, ta nuna waɗanda ake yi dominsu.

Inda take da rauni, jariri ɗan wata shida ba ya zama gaban malama. Wanda ke da fassarar da ta rufe wannan, ya kawo. Ni dai na gwada ta a kan gwaggo, ta ce, "To, malamar yara. Da haka kika ce tun farko."