Zanen Japan na katako, me yasa mata da kayan kiɗa suka yi yawa a ciki?

Hajjo:
Salam 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya, kwana biyu ina ta kallon zanen Japan ɗin nan da ake kira ukiyo-e, akwai wanda wata mace ta sunkuyar da kai tana ɗaure tsirkiyar abin kiɗanta, wlh har yanzu hoton bai fita raina ba, kamar zan ji sautin. Wai da gaske da katako ake buga su? Kuma me yasa kiɗa ya yi yawa haka a ciki?

Malam Na-Littafi:
Wa'alaikis salam Hajjo. Da gaske ne, kuma ba aikin mutum ɗaya bane. Mai zane zai zana, masassaƙi ya sassaƙe shi a jikin allon itacen ceri, kowane launi da allonsa daban, sai mai bugawa ya shafa launi ya ɗora takarda ya murza bayanta da wani ɗan faifai da suke kira baren, a haka a haka har launuka su cika, kuma in takardar ta goce ko kaɗan aiki ya ɓaci, shi yasa suke yanka 'yar alama a gefen allon. Bugun launuka da yawa ya kankama ne a 1765 da aikin mai zane Suzuki Harunobu. Abin da kika gani in tsirkiya uku ne to shamisen ne, in kuma dogo ne an shimfiɗe shi a ƙasa mai tsirkiya 13 to koto kenan.

Yaya Binta:
Ƙanwata batun kiɗan shine ya fi taɓa ni. A zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, 'yan kasuwa suna da kuɗi amma a tsarin daraja su ne a ƙasa, mayaƙan samurai ne a sama, to sai suka zuba zuciyarsu a wasan kwaikwayo na kabuki da waƙa da kiɗa, yarinya ta iya koto ko shamisen alama ce ta an yi mata tarbiyya. Kuma zanen nan ba tsada, ɗaruruwa ake bugawa daga allo ɗaya, talaka ma zai saya ya kai gida. Ki duba aikin Utamaro ki ga yadda yake zana yatsun mata, ni nan nake daɗewa.

Hajjo:
Na gode Malam, na gode Yaya. Na koma na ƙirga, uku ne, shamisen ce ashe. Yanzu Utamaro zan nema.